Gatarin Aradu A Hannun Ɗan Makaranta

A ƙasarmu ta Bader Gula, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, dutse mai ƙarfi baƙo ne. Gonakinmu jigawa ne, rairayi tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya, kuma abin da masu ginar rijiya suka fi fitarwa daga ƙasa shi ne yumɓu da marmara. Shi ya sa idan ruwa ya wanke gangare, ko hauya ta tono wani ɗan dutse mai santsi, baƙi ko kore-kore, gefe ɗaya da kaifi, ɗaya gefen a tsuke, ba a wuce shi haka nan. Tsofaffinmu suna kiransa gatarin aradu. Abin da muka tashi muka ji shi ne yana saukowa tare da tsawa, shi ke tsaga itace ya kashe dabba, sannan ya nutse cikin ƙasa. Wasu kan soka shi a jinkar ɗaki ko ta rumbu don kada aradu ta faɗa wa gidan, wasu kuma ko taɓa shi ba sa yi.

Na fi shekara 20 ina koyarwa a firamare, kuma irin wannan dutse ya shigo ajina ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idan yaro ya miƙo shi yana tambaya, malami yana da amsoshi biyu masu sauƙi. Yana iya maimaita masa abin da kakarsa ta faɗa, ko ya daka masa tsawa ya ce camfi ne, ya je ya yar. Duk wadda ya zaɓa, yaron zai koma wurin zamansa bai ƙaru da komai ba, illa dai a ta biyun ya tafi gida da raini ga tsohuwar da ta raine shi. Akwai hanya ta uku, ita ce a zaunar da yara su tambayi abin da kansa. Kayan aiki, ko da mai shi ya mutu tun da daɗewa, yana ɗauke da shaidar aikin da ya yi a jikinsa. Wannan hanya nake so in shimfiɗa wa ƴan'uwana malamai da iyaye, da misalin abin da muka yi a aji ɗaya.

A makon da aka koma lakwal cikin watan Oktoba, wani yaro ɗan aji biyar, wanda ya kwashe hutun damina yana kiwon awaki, ya zo da ɗaya a aljihu. Ya tsince shi a gefen wani zaizayayyen wuri ta wajen kwarin Tarka. Da ya ɗora shi a kan tebur, kusan rabin ajin suka ja da baya. Wata yarinya ta ce kakarta tana da irinsa a rumbu, kuma an hana su taɓawa. Ban ce musu gaskiya ne ko ƙarya ne ba. Na rubuta tambaya ta farko a allo: da me aka yi shi? Na aiki yara biyu suka ɗauko marmara daga tarin ƙasar wata tsohuwar rijiya, muka sa ƙusa muka karce su duka biyun. Marmara ta zube gari. Shi kuwa baƙon dutsen, ƙusar ce ta bar ɗan zanenta a kansa, da aka goge da yatsa ya ɓace. Yaran da kansu suka ce wannan ba dutsen ƙasarmu ba ne. Ke nan daga wani wuri ya zo, ko dai ruwa ya kawo shi, ko mutum, ko kuma sama kamar yadda aka ce. Muka bar ukun a allo ba mu share ko ɗaya ba.

Tambaya ta biyu ita ce siffarsa. Muka auna, tsawonsa santimita 11, faɗin bakin 5, gindin kuma 3. Muka kwantar da shi a kan takarda muka zagaye da fensir, muka yanke zanen muka ninka biyu. Gefe da gefe suka haɗu kusan daidai. Na tambaye su ko sun taɓa ganin tsakuwar da ruwa ya gangaro da ita, suka ce sun gani, dunƙulalliya ce ta kowane gefe. Ruwa yana cinye kaifi ne, ba ya fitar da shi, don haka muka share ruwa daga allo. Daga nan muka fita waje, muka karkata dutsen ga hasken hantsi. Kusa da bakin akwai siraran layuka, duk sun bi hanya ɗaya. Wani ɗan mahauci ya ce haka wuƙar babansa take idan ta tashi daga dutsen washi. Wajen gindin kuwa babu santsi sosai, sai ƴan ramuka ƙanana birjik, irin waɗanda ake bari a jikin dutsen niƙa idan ya yi sulɓi aka sassare shi domin ya ci hatsi. Ashe da farko an yi ta ƙwanƙwasa shi da wani dutse har ya ɗauki siffa, daga baya aka wasa bakin.

Tambaya ta uku: ina ne ya ci, wato ina ne aiki ya taɓa shi? Duk abin da aka yi aiki da shi yana da wurin da ya gaji. Ƙotar hauya tana sheƙi inda hannu ke kamawa, bakin rijiya yana da zanen igiya, taɓarya tana faɗi a kai. A bakin wannan dutse mun ƙirga ƴan ɓalli-ɓalli guda huɗu, kuma kusurwa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa. Wannan alamar sara ce, da kuma sake wasawa bayan an yi sara. Sai tambaya ta huɗu, wadda yara suka fi jin daɗinta: me ya rasa? Na ba kowa ya riƙe shi a hannu ya yi kamar zai sari itace. Duk suka ce ya yi gajarta, gindin zai ji wa tafin hannu ciwo, yatsu kuma za su bugi icen. Abin da ke hannunmu rabin kayan aiki ne. Ɗaya rabin, na itace ko na fata, gara ta daɗe da gamawa da shi. Wannan darasi ne da ya shafi kusan duk tsohon abin da ake tonowa: abin da ba ya ruɓewa kaɗai ke isowa gare mu, sai a yi ta juya shi ana mamaki domin an ɗauka cikakke ne.

Tambaya ta biyar ba a aji ake amsa ta ba: wa ke yin aiki da abu mai kama da wannan a yau? Ranar da babu karatun yamma na ɗebi yara takwas muka tafi maƙera. Na gai da dattijon, na ce, "Baba, ga abin da ɗiyanka suka tsinto, mun zo ka duba mana." Ya karɓa, ya jinjina shi a tafin hannu, ya bi bakin da babban yatsa. Ya ce, "Mushe, wanga ai ruwan gatari ne." Ya jawo nasa gatarin, ya buga bayan ƙotar a jikin gungume har ruwan ya fito, ya jera su biyu a ƙasa. Gatarinmu na Hausa, kamar yadda kowa ya sani, ruwansa yana da faɗi a baki, ya tsuke zuwa gindi, kuma gindin ake cusawa cikin hudar da aka yi a kan ƙota, inda icen ya fi kauri. Kowane sara ƙara danna shi ciki yake yi. Na dutsen ma haka aka fasalta shi, sai dai ya fi kauri, domin dutse in ya yi siriri karyewa yake. Rashin santsin gindin kuma, in ji shi, shi zai sa ƙota ta riƙe.

Ɗaya daga cikin yaran ya tambaye shi yadda aka yi ya san gatari ne ba gizago ba. Dattijon ya ɗaga dutsen daidai idonsa ya nuna musu bakin ta gefe. Ya ce gatari ana wasa shi ta fuska biyu daidai, kaifin ya zauna a tsakiya, domin sara yake yi ya shiga. Gizago kuwa fuska ɗaya ake kwantarwa, kuma a gicciye ake ɗaura shi, domin aikinsa feƙe turmi da akushi. Wannan dutse kaifinsa a tsakiya yake. Ya mayar mini da shi yana cewa, "Wanda ya wasa wanga ya san aiki, kuma yana da haƙuri." Da na tambaye shi batun aradu, sai ya yi murmushi ya ce, "Haka muka ji ana faɗi." A hanyar komawa na nuna wa yaran wani abu a cikin sunan. Tsofaffi ba su ce tsakuwar aradu ba, ba su ce ƙwan aradu ba, gatari suka ce. Idonsu na manoma ya gane kayan aikin sarai. Abin da ya ɓace musu shi ne wanda ya yi shi, domin a saninsu gatari na ƙarfe ne, kuma babu maƙerin da suka taɓa gani yana ƙera dutse.

Ba mu gwada sara da shi ba, domin abin da ya kwana dubban shekaru a ƙasa bai kamata ya ƙare a hannun ƴan aji biyar ba. Maimakon haka muka samo ɓallin wani fasasshen ɗan dutsen niƙa, muka riƙa goga shi a kan uwar dutsen da jiƙaƙƙen rairayi duk lokacin hutun tara, yara suna karɓa-karɓa. Bayan mako guda abin da muka samu bai fi ɗan shafaffen wuri kamar faɗin farce biyu ba. Daga ranar babu wanda ya ƙara tambayar me maƙerin yake nufi da haƙuri. Amma gwajin sara wasu sun yi shi. A farkon shekarun 1950, a dajin Draved na ƙasar Danmak, wasu masana sun ɗaura wa tsofaffin gaturan dutse sababbin ƙotoci suka shiga sare itatuwa. Da suka riƙa ɗagawa da ƙarfin kafaɗa irin na gatarin ƙarfe, bakin ya yi ta ɓallewa. Da suka koma gajeren sara mai sauri daga gwiwar hannu, itatuwan suka yi ta faɗuwa. A tsaunukan tsibirin Niyu Gini kuwa, har cikin shekarun 1930 Turawan da suka fara shiga sun tarar da jama'a suna share gonaki da gatarin dutse mai ƙota, kuma a wasu sassan an ci gaba da wasa shi shekaru da dama bayan haka.

To, su wane ne suka yi irinsa a wannan yanki namu? Amsar tana arewa da mu. A shekarar 2000, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago tana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe a hamadar Tenere, sai ta yi kiciɓis da wata tsohuwar maƙabarta a wurin da ake kira Gobero, cikin jihar Agadas. An gano kaburbura wajen 200 a bakin abin da a da tafki ne. A wurin akwai ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi. Mutanen farko sun zauna daga wajen shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, fari ya kore su, sannan wasu suka zo daga wajen shekara 7,200 zuwa 4,500 da suka wuce. A Adrar Bus, gefen duwatsun Abzin, an tono ƙwarangwal ɗin saniyar gida, kuma wasassun gaturan dutse suna cikin kayan da ake samu a irin waɗannan wurare na Tenere. Lokacin Sahara ƙasar ciyawa da tafkuna ce. Kwarin Tarka da yaranmu ke kiwo a cikinsa, wanda ya bi ta ƙasar Madawa ya nufi Najeriya, shi ma tsohuwar hanyar ruwa ce daga zamanin da sama ta fi yanzu zuba. Inda akwai ruwa akwai itatuwa, inda akwai itatuwa mutum zai nemi abin sara. Daga baya ƙarfe ya zo. A duwatsun Termit na gabashin Nijar an narka tama ƙarnuka da dama kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ƙarfe ya yaɗu sai aka ajiye dutse, sannu a hankali har aka manta an taɓa sara da shi.

Yana da kyau yara su ji cewa kakanninsu ba su kaɗai suka jingina wannan dutse ga sama ba. Yarbawa suna kiransa edun ara, suna danganta shi da Sango. Manoman Faransa da Jamus da Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiransa dutsen tsawa, suna ɓoye shi a rufin ɗaki don tsoron aradu, daidai da yadda ake yi a rumbunanmu. Malamansu ma haka suka rubuta a littattafai. Wani likita a birnin Rum mai suna Michele Mercati, wanda ya rasu a 1593, ya rubuta cewa wasu daga cikin waɗannan duwatsu aikin hannun mutanen da ba su san ƙarfe ba ne, amma littafinsa bai fito ba sai a 1717. A 1723 Antoine de Jussieu ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa ya jera duwatsun tsawa kusa da gatura da kiban dutse da aka kawo daga wurin ƴan asalin nahiyar Amurka, waɗanda suke aiki da su a lokacin. Abin da ya yi shi ne abin da maƙerin garinmu ya yi a ƙasan rumfarsa: ya ajiye wanda ba a sani ba kusa da wanda aka sani.

Saura abu ɗaya a allo, wato sama. Aradu wuta ce irin ta lantarki, ba ta ɗauke da dutse. Zafinta yana kai wajen digiri 30,000, shi ya sa idan ta bi jikin itace ruwan da ke cikinsa yake zama tururi nan take, ya fasa icen daga ciki, ya bar tsaga kamar ta gatari. Idan kuma ta sauka a rairayi takan narka shi ya daskare ya zama wani ɗan bututu mai rami, cikinsa kamar gilashi, wajensa da kaushi, mai saurin karyewa. An tsinci irin waɗannan bututu a hamadar Nijar ta wajen Bilma, kuma ko kusa ba su yi kama da gatari ba. Me ya sa to ake samun gatarin bayan tsawa? Domin ruwan da ya zo da tsawar shi ne yake wanke ƙasa ya bankaɗo abin da ke binne, kuma ranar ce mutane suke zuwa su tsaya suna dube-dube a gindin itacen da ya tsage. Wanda ya ga tsagaggen itace, ya ga dutse mai kaifi a kusa, bai yi wauta ba da ya haɗa su.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, a bar tsofaffi da dutsensu mana. A bar musu, amma akwai wuri biyu da bambancin yake iya zama na rai. Yaranmu makiyaya ne, hadari yana riskar su a fili, kuma abin da suka fi yi shi ne gudu gindin gawo ko aduwa da ke tsaye ita kaɗai. Nan ne wuri mafi haɗari, kuma dutse a aljihu ba ya sauya komai. Na koya musu su ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan, su nisanci dogon itace da kan tudu da bakin ruwa, su nemi ginin kirki tun da wuri. Na biyu, akwai masu cewa wanda aradu ta taɓa ba a taɓa shi sai an zuba nono ko an kira masu abin. Jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan. Wanda ya faɗi yana bukatar a ɗauke shi nan take, a taimaka masa da numfashi in ya tsaya, a garzaya da shi gidan likita. Jiran nono yana iya cinye ƴan mintocin da za su cece shi.

Ita kuwa kakar yarinyar nan, na je na gaishe ta da kaina, domin ba na so labari ya riga ni zuwa a karkace. Na ce, "Inna, an ce kina da irin abin da muke karatu a kai." Ta ce, "Mushe, in dai karɓewa ka zo yi, koma." Na ce gani kawai na zo yi. Ta sa aka ciro shi daga jinka. Ya fi namu ƙanƙanta, baƙi wul, ya sha hayaƙi. Ta ce uwar mijinta ce ta tsince shi shekarar da suka sari gonar da suke nomawa har yau, ta kuma kwatanta mini wurin. Wannan bayani ya fi dutsen daraja, domin masu bincike da wurin da aka samu abu, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi na gawayi ko kasko ko ƙashi suke gane shekarunsa. Na gaya mata abin da maƙeri ya ce. Ta juya shi ta ce, "To, ko mi ne ne, tsari dai na Allah ne," ta sa aka mayar da shi inda yake. Washegari na faɗa wa ajin cewa duk wanda ya je gida ya ce wa kakarsa ba ta san komai ba, ya faɗi wannan darasi, domin sunan da ta ba abin da wurin da ta tuna suna cikin hujjojinmu.

Aikin gida da na ba su shi ne kowa ya nemi wani tsohon kayan aiki da bai san amfaninsa ba, ya zana shi, ya tambayi mafi tsufa a gidan sunansa da aikinsa da wanda ya yi amfani da shi na ƙarshe. Abin da ya dawo ya fi gatarin tayar mini da hankali. Yaro ɗaya ya zano wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya samu a tsohuwar jakar fata ta kakansa, ya ce babansa ya ce wataƙila marfin wani abu ne. Ƙyastu ne, wanda ake bugawa a jikin ƙanƙara tartsatsi ya kama auduga a hura wuta. Duk ajin sun san a ce ƙyasta ashana, babu ko ɗaya da ya san daga ina kalmar ta fito. Wata ta kawo ɗan dunƙulen yumɓu mai huda, ta ɗauka dutsen wuya ne, ashe na gindin mazari ne da ake kaɗi da shi. Waɗannan ba su kai shekara 100 da barin aiki ba, masu iya su suna nan da rai a wasu gidaje, amma tsakanin kaka da jika har sun fara zama abin kintace. Haka gatarin dutse ya fara. Ranar da mutum na ƙarshe da ya ga ana sara da shi ya mutu bai gaya wa kowa ba, ranar aka bar wa tsawa shi.

Akwai kuma masu zagaya kasuwanni suna sayen irin waɗannan abubuwa da jika ɗaya ko biyu. Mun ga abin da ya faru a Bura, cikin jihar Tilaberi. Marigayi Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983, ya fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka ba duniya mamaki, amma da sunansu ya fita waje a shekarun 1990 sai masu haƙa don sayarwa suka daidaita wurare da yawa, kayan suka watsu a ƙasashen Turai babu bayanin inda aka tono su. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, akwai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, akwai kuma cibiyar binciken rayuwar ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni. Idan aka ga wuri mai tarin kasake da duwatsu da ƙasusuwa, kada a tona, a sanar da hukumar gari. Gargaɗi ɗaya kuma ga iyaye, ganin zamanin da muke ciki: wannan darasi na tsofaffin kayan gida da na gona ne. Baƙon ƙarfe da aka gani yashe a daji, mai kama da harsashi ko gwangwani ko mai waya a jiki, yaro kada ya ɗauka, kada ya ƙwanƙwasa, ya je ya faɗa wa babba.

Ga ƴan'uwana malamai, wannan aiki ba ya bukatar kuɗi. Kwali ɗaya a lungun aji ya isa, da littafin rubutu ɗaya. Duk abin da aka kawo a ba shi shafi: zanensa, awonsa, da me aka yi shi, ina ya ci, me ya rasa, wa ya samo shi, a ina, yaushe, me tsofaffi suka ce, me mai sana'a ya ce. A rubuta maganar kowa da sunan gida na abin, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, ko da maganganun sun saɓa. Abin da aka aro daga gida a mayar wa masu shi. A cikin shafi ɗaya yaro ya yi awo, ya yi zane, ya yi rubutu, ya yi tarihi, ya kuma koyi kada ya yanke hukunci kafin ya duba.

Ku kuma iyaye, idan kaka ta yi ana zuba sabon hatsi, ana sauya jinkar rumbu, ana fitar da tarkacen ɗakin tsohuwa, lokacin ne waɗannan abubuwa suke fitowa. Kafin a ba masu sayen tsohon ƙarfe, a kira yaran gidan, a kira mafi tsufa, a sa shi ya riƙe abin ya nuna yadda ake yi da shi. In akwai salula a ɗauki muryarsa. Wanda bai sani ba ya ce wa yaron su je wurin maƙeri, ko masassaƙi, ko majemi, ko tsohuwar da ta yi kaɗi, tun suna nan.